Luguden Matan Zauro

Shekara goma sha ɗaya na yi ina koyar da Hausa a wata sakandaren 'yan mata a Birnin Kebbi, kuma ni ce ke riƙe da ƙungiyar wasan kwaikwayo ta makarantar. Shi ya sa da aka tashi shirya wani babban wasa na kiɗa da waƙa da za a nuna a Argungu, aka aiko har gidanmu a Gwadangaji aka ce ana so in zama mai kula da dandamali. Na amsa tun ban san nauyin abin ba. Mutum tamanin da 'yan kai ne a wasan: makaɗa, mawaƙa, 'yan rawa, har da masunta na gaske da gorunansu. Darakta ne ke tsara wasa, amma da zarar an fara, komai ya dawo wuyan mai kula da dandamali. Ni ke cewa wane ya shiga, wance ta fita, a kunna fitila, a saki sauti, a janye kwalekwale. In makirufo ya mutu ni za a nema, in ɗan rawa ya gurɗe ƙafa ni za a nema. Ina da wani babban littafi da na rubuta kowane motsi a ciki, da oba-oba a rataye a wuyana.

Daraktan ba ɗan jiharmu ba ne. Ya yi karatun abin, ya kuma san aikinsa, ba zan ci zalinsa a nan ba. Labarin wasan a kan gulbi ne da mutanen da ke ci daga gare shi, kuma a tsakiya akwai fitowar da mata ke surfen shinkafa suna waƙa. Da farko ɗalibai aka sa. Suka yi ta yi, abin ya ƙi daɗi, domin ba wadda ta taɓa yin lugude a cikinsu. Darakta ya dafe kai ya ce fitowar nan ita ce zuciyar wasan, ga ta kuma ba rai. Ni da bakina na ce masa na san inda za a samu masu yi.

A Zauro akwai wata tsohuwa da mahaifiyata ke kai wa shinkafa tun ina yarinya. Kowa Inna yake ce mata. Mijinta ya daɗe da rasuwa, ita ke jagorantar wasu mata takwas da ke aikin bugu da sheƙa da surfe a fadama. Ranar da na kai darakta wurinsu, suka jera turame uku, mata uku a kowane. Inna ta ba da waƙa, suka amsa, taɓare suka fara sauka ɗaya bayan ɗaya, wata ta cilla tata sama ta tafa sau biyu ta cafe ba tare da kiɗan ya karye ba. Darakta ya tsaya baki buɗe. A hanyarmu ta komowa ya ce mini ko nawa ne wahalar, matan nan yake so.

Wahalar kuwa ni na sha ta. Yayan Inna shi ne limamin unguwarsu, kuma bai ga dalilin da zai sa matan aure da tsofaffi su hau katako su yi waƙa gaban maza ba. Sau uku ina zuwa zaurensa ina durƙusawa. A na ukun ya dube ni ya ce, "Ɗiyata, na san mahaifinki, malami ne. In kin ce babu wulaƙanci ciki, ni yarda. Amma ke ni ba amanarsu, ba wancan baƙon ba."

Na ce, "Na ɗauka, Baba Liman."

Mako shida muka yi muna gwaji a wani zauren taro a Birnin Kebbi, sau uku kowane mako. Lokacin girbin shinkafar rani ne, lokacin da aiki ya fi yawa a fadama, amma matan nan suka riƙa barinsa suna zuwa. Napep uku ke kwaso su, na huɗu ya ɗauko turamensu, don Inna ta ce turmin aro ba ya ba da murya. Ta kuma ƙi daka turmi wofi. Darakta ya ce ai kwaikwayo ne, ta ce, "To ka nemo masu kwaikwayo. Mu ba mu iya dakan iska ba." Dole na riƙa tanadin shanshera, shinkafar da ba a surfe ba, a kowane gwaji.

Babbar matsalarmu ita ce tsayawa. Darakta yana ƙirga kiɗa yana so a tsaya daidai wuri kaza, ita kuwa Inna ba ta san a tsaya ba sai shinkafa ta surfu. Suka yi ta ja-in-ja har ni da ita muka sasanta a tsakaninmu: in lokaci ya yi zan ɗaga jan ƙyalle daga gefen dandamali, ita kuma ta kai waƙar ƙarshe yadda ta ga dama. Bayan mako biyu ko ƙyallen ba na ɗagawa, kallona kawai za ta yi. Sauran 'yan wasa in an zo fitowarsu sai su bar abin da suke yi su zo su tsaya. Wani tsohon mai kalangu da ya yi shekara arba'in yana kiɗa ya ce mini shi dai ajiye kalangunsa zai yi a wannan fitowa, don duk abin da ya ƙara ɓatawa ne.

A mako na biyar darakta ya ce a kai su situdiyo a naɗi waƙoƙin da sautin luguden, don ajiya, ko da makirufo zai ba da matsala ranar wasa. Na ga maganar ta yi hankali. Ni na kai su, ni na lallashi Inna ta sa abin sauraro a kunne, ni na riƙe mata mayafinta tana waƙa.

Saura kwana huɗu muka tashi gaba ɗaya zuwa Argungu. An kafa dandamali a wani fili kusa da gulbi, ga rumfunan baƙi, ga janareta biyu. Zafi ake yi irin na watan Mayu, katakon dandamalin ba ya takuwa da rana sai an yayyafa ruwa. Kwana biyu kafin wasa muka yi cikakken gwaji da tufafi da komai, kuma a ranar ne ciyaman na kwamitin da ya ɗauki nauyin wasan ya zo kallo da mutanensa. Bai taɓa leƙo mu ba sai ranar. Ina gefen dandamali ina ba da umarni, amma na hango shi lokacin fitowar su Inna. Ya karkata ya yi wa darakta magana a kunne yana nuni da makullin motarsa.

Da aka tashi cin abinci, darakta ya kira ni ƙarƙashin wata darbejiya a bayan janareta. Bai iya kallon idona ba.

"Malama, akwai ɗan canji. Fitowar surfe, za mu mayar da ɗalibai."

Na ce, "Waɗanne ɗalibai? Waɗanda ka ce ba su da rai?"

"Ba sai sun yi waƙa ba. Muna da abin da muka naɗa. Za a saki sautin, su kuma su motsa baki su ɗaga taɓarya."

Ya ci gaba da sauri, wai za a ɗauki wasan a talabijin, wai baƙi za su zo daga nesa, wai ciyaman ya ce ba irin wannan hoton ake so a nuna na jihar ba. Na ce wane irin hoto? Ya faɗa da ƙaramar murya: tsofaffi ne, ga faso a ƙafa, ga haƙora duk goro.

Na ce, "Muryarsu ta isa a ji, fuskarsu ce ba ta isa a gani ba?"

Ya ce, "Ba ni na ce ba."

"Amma kai ka amsa. Tun ranar situdiyo ka san da wannan?"

Ya rantse bai sani ba. Har yau ban tabbatar ba. Na bar shi a tsaye na nufi rumfar da ciyaman ke zaune. An ajiye masa faranti shaƙe da shinkafa da kifi, yana ci yana amsa waya. Na gaishe shi, na ce, "Ranka ya daɗe, matan nan mako shida suka bar aikinsu. Su ne suka ɗaga wasan nan. Ni na roƙo su daga hannun mutanensu."

Ya sauke wayar ya dube ni daga sama har ƙasa. Ya tambayi na kusa da shi ko wace ce wannan, aka ce mai kula da dandamali ce. Ya ce, "To Malama, katako da labule aka ba ki ki kula da su, ko shawara aka ɗauke ki ki ba mu? Za a sallame su da mutunci, a mayar da su gida a mota. Je ki yi aikinki."

Na so in tambaye shi shinkafar da ke bakinsa wace ƙafa ce ta shiga laka ta fito da ita. Ban faɗa ba. Na ce "Allah ya ba ka nasara," na juya, kuma wannan addu'ar da na yi masa tana cikin abubuwan da suka fi ƙona mini rai in na tuna.

Darakta ya ce tunda ni ke kula da 'yan wasa, ni zan gaya musu. Na same su a inuwar dandamali, sanye da sabbin zannuwa shuɗi da aka ɗinka musu, suna cin abinci suna dariya. Na durƙusa gaban Inna na fara kame-kame. Ta katse ni.

"Ɗiyata, hwaɗi abin da anka aiko ki."

Na faɗa. Ban ɓoye maganar naɗin ba, amma na ɓoye maganar faso da goro. Ba ta buƙaci in faɗa ba. Ta dubi ƙafafunta, ta dubi na sauran, ta ce, "Wancan mai babbar riga ne? Na ga sa'adda shika nuna mu."

Wata daga cikinsu, wadda ta fi ƙuruciya, ta fara kuka, tana cewa ta gaya wa duk danginta na Argungu su zo su gan ta. Inna ta daka mata tsawa ta ce ta share ido, ba a nan ba. Ta miƙe ta shiga bayan labule, ta fito da tsohon zanenta a jiki, ta ninke shuɗin ta ɗora mini a hannu. Sauran suka yi haka ɗaya bayan ɗaya, har zani tara suka taru a hannuna. Sannan Inna ta ce a fito musu da turamensu da taɓarensu.

Darakta ya taso da gudu yana cewa a bar turamen zuwa bayan wasa. Inna ko kallonsa ba ta yi ba. Da ni ta yi magana: "Gaya mai turmi ba shi zama inda mai shi ba ta zamna ba." Suka ƙi motar kwamiti. Suka mirgina turamen har bakin titi da kansu, suka tsayar da wata a-kori-kura mai zuwa Birnin Kebbi. Na bi su har can ina ba da haƙuri har motar ta tashi.

An sha tambayata me ya sa ban ajiye littafin na bi su ba. Nakan ce saboda sauran mutum saba'in da suka sha wahala, waɗanda in na tafi wasansu zai wargaje, don ba wanda ya san abin da ke cikin littafin nan sai ni. Gaskiya ne. Amma akwai wata gaskiyar: ina son in ga wasan da na yi wa bauta ya tsaya, kuma ina tsoron a ce malamar makaranta kaza ta watsa wa manya taro.

Washegari na shiga kasuwar Argungu na sayo turame uku. Taɓarya ta gaske ta fi ƙarfin ɗaliban su cilla, sai darakta ya sa aka yanko bututun roba irin na ruwa aka shafa masa fenti ruwan ƙasa. Na wuni ina koya wa 'yan mata tara, huɗu daga cikinsu ɗalibaina ne, yadda za su ɗaga roba su sauke ba tare da ta taɓa turmi ba, don kada a ji ƙarar ƙarya. Aka kunna muryar Inna ta fi sau talatin suna bin ta da leɓe. Yaran ba su da laifi, amma ranar na yi musu faɗan da ban taɓa yi wa ɗalibi ba. Ɗaya ta tambaye ni, "Malama, su Inna ba su da lafiya ne?" Na ce ta rufe mini baki ta ɗaga taɓarya.

Ranar wasa, bayan la'asar, fili ya cika har bakin gulbi. Ba zan ɓoye muku ba, na yi addu'a sautin ya maƙale, ko janareta ya tsaya, ko wata ta yar da robarta kowa ya ga abin da ake ciki. Babu abin da ya faru. Da aka zo wurin, na danna oba-oba na ce wa injiniyan sauti, "Saki surfe." Muryata ce ta ba da umarnin. Lasifiku suka ɗauki muryar Inna suka watsa ta bisa kan dubban mutane, ga yarinya 'yar shekara goma sha bakwai da kwalliya tana buɗe baki a gaban turmi wofi. Jama'a suka ɓarke da tafi da guɗa. Na hango ciyaman yana gyaɗa kai yana yi wa baƙonsa bayani.

Tun da safe na rubuta sunayen matan tara a takarda na ba sanƙiran taron, na roƙe shi ya karanta a ƙarshe. Da aka gama ya jero sunayen 'yan kwamiti kaf, ya ce darakta ne ya tsara wasan ya kuma ƙirƙiri waƙoƙinsa. Na tare shi a matakala na ce ina takardata? Ya shafa aljihu yana dariya. "Haba Malama, manya na zaune ana jiran su tashi, wa ke da lokacin jero sunayen 'yan surfe?"

Darakta ya zo yana ta murna, ya ce ban yi kuskure ko ɗaya ba, akwai wani wasan da zai yi a wata jiha, yana so mu tafi tare. Na ce masa, "Wace waƙa ka ƙirƙira? Rera mini baiti ɗaya." Ya ce sanƙira ne ya yi kuskure. Na ce ga makirufo can bai mutu ba, je ka gyara. Ya dubi rumfar manya, ya dube ni, ya ce in bari ƙura ta lafa. Na cire oba-oba na ɗora masa a hannu na tafi neman motar gida.

Sai da na yi mako guda kafin na iya zuwa Zauro. Na fara da zauren Liman. Ya amsa gaisuwata, ya tambayi mutanen gida, bai ce mini komai a kan abin da ya faru ba, bai kuma ce in zauna ba. Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Inna na same ta a fadama suna sheƙa. Ta bar ni a tsaye cikin rana har ta gama faifan da ke hannunta. Ashe hoton wasan ya riga ni isowa, yana yawo a wayoyin mutane. Ta ce ranar kasuwa wasu mata sun tare ta suna dariya, suna cewa ashe Inna ta koma budurwa a Argungu.

"Ba cire mu da anka yi ad damuwata ba," in ji ta. "Mai taro shi ka zaɓen wanda shika so. Amma muryata hwa? An ɗauke ta an sa ma ɗiyar wani a baki. Waƙar ga ta kakata ce. Ke kinka kai ni ɗakin nan, kinka ce ajiya ce. To je ki amso mini ajiyata."

Na ce zan je. Washegari na sami injiniyan sauti a shagonsa na gaya masa. Ya yi dariya har da riƙe ciki, sannan da ya ga fuskata ya daina. Ya buɗe kwamfutarsa ya goge a gabana, ya ce, "Ga shi na goge nawa. Na wayoyin mutane fa, Malama? Har masu tura waƙoƙi a kasuwa suna da ita." Na koma na gaya wa Inna yadda muka yi. Ta saurare ni har ƙarshe, ta ce, "To," ta ci gaba da aikinta. Da na aika da shinkafar gidanmu a kaka ta gaba, ta surfe ta tsaf ta aiko, amma ba ta ƙara kirana ɗiyata ba. Malama take cewa.

Na koma aji, na kuma miƙa ƙungiyar wasan kwaikwayo ga wani malami. Watanni bayan haka na shiga napep daga kasuwa zan koma gida, sai direban ya kunna waƙar a 'yar lasifikarsa, har da sautin taɓaren. Yana tuƙi yana kaɗa kai. Na tambaye shi ko ya san mai waƙar. Ya ce sosai ma, wata yarinya ce da ta yi wasa a Argungu, ya ga hotonta, an ce ma Kano za a kai ta ta shiga fim.

Na ce ba ita ba ce, wata tsohuwa ce a Zauro, kuma a daidai wannan lokacin tana can cikin ƙaiƙayi tana aiki.

Ya waiwayo ya ce, "Hajiya, da idona fa na gani."

Na ce ni ina wurin, ni na sa aka kunna. Sauran fasinjojin biyu suka dube ni kamar wadda ta taɓu. Direban ya yi murmushi ya ƙara sautin. Na buga ƙarfen da ke bayansa na ce ya tsaya. Ya ce ai ba mu kai ba, na ce na sani. Na sauka da kayan cefanena, na taka da ƙafa har Gwadangaji cikin rana, ina zagin ciyaman da darakta da sanƙira da kaina.